Sarƙar lu'ulu'un Hajiyarmu ta tsinke: da wane zare ya dace a sake shirya ta?

Ummu_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar kayan ado. Cikin kayan da aka raba mana bayan rasuwar Hajiyarmu, Allah ya jiƙanta, sarƙar lu'ulu'u, irin na ruwa ba daiman ba, mai layi ɗaya ta faɗo a rabona. A Jidda ta saye ta tun muna yara, kuma ba ta cika sa ta ba sai da salla ko bikin na jiki. Ranar Asabar na ɗauko zan sa, ina taɓa maɓallin zaren ya tsinke daga jikin ƙugiyar. Ƙwaya biyu kawai suka faɗi, don akwai ƙulli tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta, na kuma tsince su. Zaren duk ya yi dauɗa, a wasu wuraren har ana hango tazara tsakanin ƙullin da ƙwayar.

Na nuna wa wani mai shirya duwatsu a kasuwa, ya ce zai zare tsohon zaren ya zura mini zaren fatsa, farin nan na roba, wai shi ba ya tsinkewa, kuma babu ruwansa da wahalar ƙulle-ƙulle. Zuciyata ba ta kwanta ba, na karɓo abata. Shin maganarsa gaskiya ce? In ba haka ba, yaya ake yi?

Uwar_Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Ni dai duk duwatsuna da zaren fatsa aka shirya mini su, murjani da jigida da na wuya, ban taɓa ganin matsala ba.

Anti_Balaraba:
Amin ya Allah. Ummu_Sadiq, kin yi dabara da kika karɓo kayanki. Na daɗe ina sarin kayan ado daga Dubai, kuma a duk shagunan Deira da nake shiga ban taɓa ganin sarƙar lu'ulu'u ta kirki a kan zaren fatsa ba. Ki duba abin da ya faru da ke ma ya isa amsa. Zare ya tsinke, ƙwaya biyu kika tsinta. Da a kan roba take ba ƙulli, da duka za su watse, ki yi ta laluben ƙarƙashin gado da bayan durowa, in kuwa a wajen biki ne sai dai haƙuri. Amfanin ƙullin na biyu shi ne yana hana ƙwayoyin gugar juna. Lu'ulu'u ba shi da tauri, in suna gogayya bakin hudar ne yake fara cinyewa.

Uwar_Biyu, 'yata, jigida daban, wannan daban. Jigida in ta watse kin je kin sayi wata.

MaiCarbi_Fagge:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in sa baki a zancen mata, amma sana'ata ce, carbi nake shiryawa. Hajiya Balaraba, ban musa maganar ƙulli ba, sai dai kada a raina nailan. Zaren siliki yana shan gumi, yana miƙewa, yana ruɓewa. Wannan dauɗar da baiwar Allah ta gani a zaren, da tazarar da ta ce, duk halin siliki ne. A zafin Kano na watan Afrilu, rana ta haura maki 40, mace ta sa abu a wuya ta wuni gidan biki, wane siliki ne zai jure? Akwai nailan mai tufka, mai laushi, wanda yake karɓar ƙulli. Shi nake ba wa shawara. Zaren fatsa kam ni ma ban yarda da shi ba, ƙullinsa zamewa yake, kuma in ya tsufa karyewa yake lokaci guda ba tare da ya nuna alama ba.

Anti_Balaraba:
Malam, ai wannan da ka faɗa a ƙarshe ita ce hujjata. Siliki yana nuna miki ya gaji kafin ya tsinke. Kin ga ya yi duhu, kin ga ƙwaya tana motsi tsakanin ƙulli biyu, kin san lokaci ya yi. Sannan yadda sarƙa take kwanciya a wuya da siliki, nailan bai iya ba. Carbi kuma ai so ake ƙwayoyinsa su yi ta zirga-zirga a kan zare, shi ya sa ba a ƙulla shi. Aikinsu ba ɗaya ba ne.

Malam_Kimiyya:
Bari in ɗan ƙara haske a kan dalilin da ya sa ake lallaɓa lu'ulu'u haka. Ba dutse ba ne irin wanda ake haƙowa daga ƙasa. Kawa ce take yin sa a cikin jikinta, wato halittar ruwan nan mai ɓawo biyu. In wani abu ya shige ta, sai ta yi ta lulluɓe shi da rufi a kan rufi, siraran gaske, na sinadarin kalsiyam kabonet, irin wanda yake cikin alli da ɓawon ƙwai, da wani furotin da yake manne rufin da juna. Sheƙin da kuke gani haske ne yake ratsa waɗannan rufe-rufen ya dawo.

Abu biyu ne suka biyo bayan wannan. Na farko, a ma'aunin tauri na Mohs mai hawa 10, daiman yana 10, yashi yana 7, lu'ulu'u kuwa tsakanin 2.5 da 4.5 yake. Ke nan ƙurar hunturu da ta kwanta a kansa ta fi shi tauri, in kika sa busasshen tsumma kika dirje, karce shi kike yi. Na biyu, duk wani abu mai tsami yana cin sa. Ruwan lemun tsami, ruwan khal, tsamiya, har gumin jiki a hankali. In sheƙin ya tafi kuma ba ya dawowa, don rufin ne ya narke.

Hajjo_Maradi:
Innalillahi. Malam, mu nan da lemun tsami da toka muke wanke azurfa, ta fito fes. Wata maƙwabciyata haka ta yi wa 'yan kunnenta masu lu'ulu'u a jiki, azurfar ta yi kyau, ƙwayar ta koma fari fat ba haske. Sai yau na gane dalili.

Malam_Kimiyya:
Shi ne, Hajiya. Haka makilin da buroshi, da omo, da ruwan bilic. Murjani ma a kiyaye shi daga tsami, don shi ma kalsiyam kabonet ne.

Zee_Kaduna:
Anti Ummu_Sadiq, ni shirya duwatsu nake yi a gida ina sayarwa, kuma ina karɓar gyaran irin wannan. In kina da haƙuri za ki iya da hannunki. Ga yadda nake yi.

Kafin ki sa almakashi, ki shimfiɗa tawul a kan faranti, ki ɗora sarƙar, ki ɗauke ta hoto, ki ƙirga ƙwayoyin. Ki lura ko girmansu ɗaya ne ko manyan suna tsakiya ƙananan suna gefe, don tsofaffin sarƙoƙi da yawa haka suke. Sai ki riƙa yanke ƙulli ɗaya, ki zare ƙwaya ɗaya, ki ajiye ta a layinta. Kada ki ja ƙulli ta cikin huda da ƙarfi, yana ɓantare bakin. In kin gama, ki goge kowace da tsumma mai laushi da kika ɗan jiƙa, ki bar su su bushe sarai, har cikin hudar.

Zaren da nake amfani da shi na Griffin ne, ɗan Jamus, yana zuwa a naɗe a kati, tsawonsa mita 2, da siririyar allurar waya a maƙale a bakinsa, ba sai kin sha wahalar zura zare a allura ba. Yana da lambobi. Lamba 4 kaurinsa milimita 0.6 ne, lamba 6 kuma 0.7. Hudar lu'ulu'u yawanci tsakanin 0.6 da 0.8 take, don haka sai an gwada. Gwajin shi ne ki yi ƙulli ɗaya ki ja: in ƙullin ya shige cikin hudar, zaren ya yi siriri. Kati ɗaya yana isar sarƙa mai tsawon santimita 45.

Ki warware zaren duka daga katin, ki ɗan jiƙa shi, ki rataye shi da wani abu mai ɗan nauyi a ƙasa ya kwana. Wannan shi yake cire lanƙwasar katin, kuma ya miƙe tun kafin ya hau wuya. Malam MaiCarbi, rabin miƙewar da kake zargin siliki da ita daga tsallake wannan matakin take.

Wajen maɓalli shi ne inda naki ya tsinke, kuma nan ne kusan kowace take tsinkewa, saboda ƙarfe yana cin zare. Maganinsa wata siririyar waya ce a nannaɗe mai rami a ciki, 'yan kasuwa suna ce mata wayar Faransa. Za ki yanki kamar rabin santimita ko ɗan fi. Ki yi ƙulli a jelar zaren, ki zura ƙwaya uku na farko, ki zura guntun wayar, ki zura zoben maɓallin, sai ki komo da allurar ta cikin ƙwayar da take kusa da maɓallin. Kina ja, wayar za ta lanƙwashe ta rungume zoben, zaren yana ɓoye a cikinta. Ki ƙulla, ki ratsa ta biyu, ki ƙulla, ki ratsa ta uku, ki ƙulla. Daga nan sai ƙwaya ɗaya, ƙulli ɗaya, har ƙarshe, inda za ki bar ukun ƙarshe ba ƙulli, ki sa waya da ɗaya ɓarin maɓallin, ki komo baya kina ƙullawa.

Ƙullin kansa shi ne aikin. Ki yi sako-sakon ƙulli, ki sa bakin hantsaki ko basilla ta cikin da'irar ki dafe zaren daidai jikin ƙwayar, ki ja a hankali da'irar ta gangaro ta kan basillar har ta zauna, ki zare basillar, ki tura ƙullin da farce ya manne. In kika bari ya ɗaure nesa da ƙwayar, kwance shi a kan siliki sai an yi da gaske.

Ummu_Sadiq:
Zee, Allah ya saka da alheri, wallahi kamar ina kallon hannunki. Na ƙirga, 57 ne har da biyun da suka faɗi, kuma gaskiyarki, ta tsakiya ta fi girma. Tambaya: jelar zaren da ta rage fa, a sa mata sufa gulu?

Zee_Kaduna:
A'a Anti, don Allah kada ki kusanto da shi. Ruwa-ruwa ne, yana bin zare ya shige huda, ya busar da zaren ya zama mai karyewa, in ya taɓa fuskar ƙwayar kuma ya zauna ke nan. Akwai gam na masu gyaran agogo da kayan ado, G-S Hypo Cement, mai bakin allura. Ɗigo ɗaya a kan ƙullin ƙarshe kawai, ki bari ya bushe, sannan ki yanke jelar.

Uwar_Biyu:
To ni tambayata, wa ya tabbatar ma na gaske ne? Ba raini ba Ummu_Sadiq, amma kayan tsarabar Makka da yawa roba ce da fenti. Kada a sha wannan wahalar a kan abin da ake sayarwa a tire.

Anti_Balaraba:
Tambayar tana kan hanya. Ummu_Sadiq, ɗauki ɗaya cikin biyun da suka faɗi ki goga a hankali a gefen haƙorinki na gaba. Na gaske za ki ji ɗan gurzawa, na jabu santsi ne sumul. Sannan ki kai ta wajen haske ki dubi bakin hudar. Na jabu za ki ga fentin ya taru ko ya ɗaye, ana hango gilas ko roba a ƙasa. Kuma na gaske da wuya ki sami biyu da suka yi daidai ta kowace fuska, sai kin ga wata da ɗan tabo, wata ta ɗan fi rawaya.

Malam_Kimiyya:
Jabun ma sana'a ce mai tarihi. Tun ƙarni na 17 wani mai yin carbin Kirista a Faris, Jacquin, ya gano ana iya samun abu mai sheƙi daga ɓamɓaron kifi a shafa wa ƙwayar gilas. A tsibirin Mayorka na Sifen kuma akwai kamfanin Majorica, da ba ya ɓoye cewa nasa na haɗi ne, kuma ba su da araha. Gwajin haƙori yana raba na haɗi da wanda kawa ta yi, iyakarsa ke nan.

Ummu_Sadiq:
Na gwada. Akwai gurzawar, kuma bakin hudar tsaf yake, babu abin da ya ɗaye. Amma Uwar_Biyu, ko da roba ce ta fito, zan gyara ta. Wuyan mahaifiyata ta zauna.

Uwar_Biyu:
Haka ne 'yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri. Allah ya kai haske kabarinta.

Abu_Fatima_Dammam:
Ina aiki a gabashin Saudiyya, gada ce kawai tsakaninmu da Bahrain, don haka bari in faɗi abin da na gani a can. "Na gaske" kashi biyu ne. Akwai wanda kawa ta yi da kanta a teku ba hannun kowa, akwai na kiwo, wanda mutum ne yake buɗe kawar ya dasa mata ƙwaya, ya mayar da ita ruwa ta lulluɓe. Kafin fetur, nitso neman lu'ulu'u shi ne arzikin Bahrain da Kuwait da Katar da Dubai. Wani Bajapane, Kokichi Mikimoto, ya fitar da nasa na kiwo na farko a 1893, zuwa shekarun 1920 masu zagaye sun shiga kasuwannin Turai, ga karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta biyo baya, sai sana'ar nitso ta durƙushe. A 1932 aka sami fetur a Bahrain, mutane suka koma can. Har yau dokar ƙasar ta hana cinikin na kiwo, kuma tsofaffin gidajen fataken lu'ulu'u na birnin Muharrak sun shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2012.

Abin da ya sa na kawo wannan, Hajiya Ummu_Sadiq: kusan duk abin da yake kasuwa yau na kiwo ne, ido kuma ba ya rabewa, sai an ɗauki hoton cikinsa da na'ura a ɗakin gwaji, irin DANAT da ke Bahrain ko GIA ta Amurka. In sarƙar ta girmi Hajiya, wato ita ma gada ta yi, to ya kamata a gwada kafin a miƙa wa kowa. In sabuwa ta saya a shago a Jidda, mafi rinjaye ta kiwo ce.

Anti_Balaraba:
Alhaji ya faɗi gaskiya, kuma kada kowa ya ji an ce na kiwo ya ɗauka jabu ne. Nau'i-nau'i ne. Akoya na Japan, farare masu zagaye. Baƙaƙen Tahiti. Manyan nan na Ostareliya da Indonesiya da Filifin, wasunsu ruwan zinariya. Sai na ruwan daɗi daga Sin, wanda babbar kasuwarsa take Zhuji, shi ne ya fi yawa ya fi sauƙin kuɗi. Abin da ya shafi kulawa a nan shi ne, Akoya rufinsa siriri ne, sau da yawa bai kai rabin milimita ba a kan ƙwayar da aka dasa. In gumi da turare suka cinye wannan, abin da ke ƙasa ne zai bayyana. Sarƙa mai manya a tsakiya, da ƙulli, da aka saya a shekarun baya, ina kyautata zaton Akoya ce. Ƙarin dalili ke nan na lallaɓa ta.

Yar_PortSudan:
Salam daga Sudan. Mu ma Bahar Maliya tamu tana da wannan kawar. A Dungunab, arewa da Port Sudan, an daɗe ana kiwonta, musamman don ɓawonta mai sheƙi da ake yin maɓallan riga da shi. Amma abin da nake son tambaya daban ne. Mu nan mace ba ta rabuwa da humra da hayaƙin turare, na san ku ma haka. Yaya za a yi ke nan? A bar ƙamshi saboda sarƙa?

Anti_Balaraba:
Wa ya isa ya raba mu da humra? Tsari ne kawai. Ki yi wankanki, ki shafa manki, ki turara jikinki da kayanki, ki fesa turarenki, ki ɗaura ɗankwali, ki bari jiki ya sha iska. Sarƙar ita ce ƙarshen abin da zai hau jikinki, in kin dawo kuma ita ce farkon abin da za ki cire. Kada ki tsaya kan kasko da ita a wuya, hayaƙin yana da danƙo, yana kwanciya a ƙwayar yana rina zaren. Humra kuma mai ce, siliki yana shanye ta, ƙura ta zo ta manne. Ki shafa a bayan kunne da hannu, ki bar inda sarƙar za ta kwanta.

Kuma zan faɗi wata ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Mayukan bilicin da ake shafawa, da yawansu akwai sinadari mai tsami a ciki. Na sha ganin sarƙar da gefen da yake taɓa fata ya dushe, na waje yana nan da haskensa. Ina gani na san abin da ya faru.

Hajjo_Maradi:
Hajiya, alwala fa? Mutum yana gidan biki la'asar ta yi.

Anti_Balaraba:
Ki cire ki sa a jaka in da hali. Ruwa kaɗan ba ya yi wa ƙwayar komai, zaren ne matsalar. Jiƙaƙƙen siliki in yana ɗauke da nauyi miƙewa yake. In ya jiƙe, ki shimfiɗa ta a kan tawul ta bushe kafin ki sake sawa.

MaiCarbi_Fagge:
Kun ga abin da nake faɗa. Kada ya jiƙe, kada ya sha mai, kada ya sha gumi. Zaren da yake da sharuɗɗa haka, a ƙasar da mace take alwala sau biyar, ga zafi, ga turare, anya namu ne? A ƙasashen waje aka tsara wannan al'adar, yanayinsu ba namu ba.

Zee_Kaduna:
Baba MaiCarbi, ba ka yi kuskure gaba ɗaya ba. Masu wannan aikin da yawa yanzu sun koma zaren nailan ko foliyesta mai tufka da aka yi musamman don ƙulla lu'ulu'u, kuma ni ma shi nake sa wa duwatsu masu nauyi ko masu kaifin huda, kamar murjani da tsakiya, don suna yanke siliki. In mace kullum take sa sarƙarta, ba zan hana ta ba. Amma wadda ake ɗaukowa salla-salla, siliki zai kai ta shekaru, kuma ƙullinsa ya fi zama ƙarami ya fi kyan gani. Inda ba na sassautawa shi ne ƙulli da wayar bakin maɓalli, kowane zare aka zaɓa.

Tela_Zazzau:
Wani gargaɗi daga ɓangarenmu na masu ɗinki. Kada a shiga kasuwa a ce a ba da zaren siliki a ɗauka an samu. Abin da muke kira siliki na aikin hula da wuyan riga, akasarinsa ba na tsutsa ba ne, haɗin masana'anta ne. Ku yanki guntu ku kusanta da ashana. Siliki na ainihi warin ƙonannen gashi yake yi, ya bar baƙin toka da yake murƙushewa a yatsa. Foliyesta narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Wani kuma ya ci da sauri yana warin takarda, shi ne reyon, wanda in ya jiƙe ƙarfinsa raguwa yake ƙwarai, shi ya fi kowanne rashin dacewa da wuya.

Hajjo_Maradi:
Malam tela, zaren tsamiya fa, na aikin babbar riga? Ai shi ma siliki ne, kuma namu.

Tela_Zazzau:
Siliki ne na gaske Hajiya, na tsutsar daji, kuma yana da ƙarfi. Sai dai da hannu ake kaɗa shi, kaurinsa ba ya zuwa daidai, wani wuri kauri wani wuri siriri, ga shi da gashi-gashi. Hudar da ba ta kai milimita ɗaya ba, wadda kuma a bakin maɓalli sai zare ya ratsa ta sau biyu, ba zai bi ba.

Dalibin_Ilmi:
Tunda abin gado ne, wata 'yar fa'ida. A wajen Malikiyya da mafi yawan malamai babu zakka a kan lu'ulu'u da murjani da sauran duwatsu masu daraja in don ado aka ajiye su, komai tsadarsu. In na sayarwa ne, kamar na Hajiya Balaraba, sun zama hajar kasuwanci, a yi musu ƙima a fitar. Wallahu a'alam.

Abu_Fatima_Dammam:
Maganar ƙima ta tuna mini. A 1917 kamfanin kayan ado na Cartier ya karɓi katafaren gida a titin Fifth Avenue na New York a musayar sarƙar lu'ulu'u mai layi biyu da aka yi wa kuɗi dala miliyan ɗaya. Bayan shekara 40 aka yi gwanjon sarƙar, ba ta kai dala dubu 200 ba, saboda na kiwo ya karya farashi. Gidan kuwa har yau shagonsu ne. Don haka mai neman ajiyar dukiya ya sayi zinariya.

Kande_Kumasi:
Ku dawo da mu kan sarƙa don Allah, ni ajiya ce damuwata. Nan Kumasi laima ce take damunmu. Tawa a cikin leda mai zif nake sa ta, in jefa cikin akwatin sarƙoƙi. Daidai ne?

Malam_Kimiyya:
Hajiya Kande, a fitar da ita daga ledar. Lu'ulu'u yana da ɗan ruwa a jikinsa, rufe shi ruf na tsawon lokaci ko ajiye shi a wuri mai zafi da bushewa yana sa shi ya yi rawaya, wani har ya tsattsage. A wajenku ledar za ta riƙe gumi a jikin zaren ya ruɓe, a wajenmu kuma hunturu ne abin tsoro, da saman durowar da rana take duka ta taga. Jakar yadi mai laushi ta wadatar, ita kaɗai a ciki, kada ta haɗu da 'yan kunne masu tsini ko zobe mai dutse.

Zee_Kaduna:
Ƙari a kan na Malam: kada a rataye ta a ƙusa ko jikin madubi, a kwance ake ajiye ta. Kuma duk ranar da aka sa, a goge ta da tsumma mai ɗan danshi kafin a mayar. Wadda ake sawa a kai a kai, a sake mata zare duk shekara ɗaya zuwa biyu. Wadda ba a cika sawa ba, a riƙa dubawa: in farce yana shiga tsakanin ƙwaya da ƙulli, ko zaren ya fara gashi a bakin maɓalli, kada a jira ya tsinke.

Uwar_Biyu:
To in mutum ba zai iya da kansa ba fa? Ba kowa ke da idon zura zare a wannan hudar ba.

Anti_Balaraba:
Sai ki kai wa mai yi, amma ki zauna a yi a gabanki, ko aƙalla ku ƙirga tare ki ɗauki hoto kusa-kusa. Ba zargin kowa nake ba, ƙwaya ɗaya in ta gangara ƙarƙashin benci mai shago ma ba zai sani ba, kuma da yake ƙulli yana ƙara wa sarƙa tsawo, ba za ki gane an rasa ba. Ki tambaye shi wane zare zai sa, zai ƙulla ko ba zai ƙulla ba, me zai sa a bakin maɓalli. In ya ce miki duk ɗaya ne, ki nemi wani. Ki sa maƙerin zinariya ya duba maɓallin ma, don in harshensa ya saki, sabon zare ba zai hana ta faɗuwa ba.

Ummu_Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ƙanwata tana Abuja, ta samo mini katin siliki lamba 4 da lamba 6 da wayar. Na fara koyon ƙullin a kan wasu duwatsun gilas na yara kafin in taɓa ta Hajiya. Sai dai layin da na gama ya fito a takure, yana lanƙwashewa, ba ya kwanciya. Na matse da yawa ne?

Zee_Kaduna:
Ki riƙe shi ta baki ɗaya ki sake shi ya sauka. In ɗan karkace kawai yake, daidai ne, sabon shiri haka yake fitowa, in an sa shi zai saki ya kwanta. In kuwa ya ƙi lanƙwasuwa ki zagaya shi a wuya, to kin matse, ko zaren ya yi wa hudar kauri. Ki gwada lamba 4 a kan ƙwaya biyar ki turo hoto. Kuma ki tuna hudar gilas ta fi ta lu'ulu'u faɗi, lambar da ta yi a nan ba lallai ta yi a can ba.

MaiCarbi_Fagge:
Ni dai har yanzu ina kan nailan mai tufka. Hajiya Ummu_Sadiq, ki shirya layi biyu na gwajin, ɗaya da siliki ɗaya da nailan, ki ba yara su sa har bayan damina, sannan ki zo ki faɗa mana wanda ya riga sakin jiki.

Kande_Kumasi:
Zee, tawa layi uku ce a kan maɓalli ɗaya, na tsakiyan ne kawai ya saki. Shi kaɗai zan sake, ko duka ukun?

Zee_Kaduna:
Duka ukun, Anti Kande. Shekarunsu ɗaya, sauran biyun ma suna hanya, kuma sabon layi ba zai yi tsawo ɗaya da tsofaffin da suka miƙe ba, sai ki ga yana hawa kan na sama. Ki auna kowane layi ki rubuta kafin ki yanke, kuma kowanne a farantinsa daban.